Kwaɗo Ba Shi Ne Ƙofa Ba

Kaka ta yi, amfani ya shigo gida. Masara tana cikin buhuna, an casa shinkafa, waken soya da gyaɗa suna jiran kasuwa ta yi kyau. A wannan lokaci ne mai sayar da kwaɗo yake samun ciniki a kasuwannin ƙauye, gama kowane maigida yana so ya koma gida da sabon kwaɗo mai nauyi, mai walƙiya, ya rataya a ƙofar ɗakin ajiya, ya kwanta da kwanciyar rai. Ba mu ce sayen kwaɗo laifi ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a yawancin gidajenmu kwaɗo ne kaɗai abu mai ƙarfi a jikin ƙofar, sauran duka ruɓaɓɓu ne, ɓarawo kuwa ya fi mu sanin haka.

Dā abin da ke cikin ɗakin manomi bai wuce tufafi da kwanukan uwargida da 'yan kuɗin auduga ba. Yanzu fa? Akwai babur, akwai injin ban ruwa, akwai batirin sola, da wayar hannu, da buhunan takin zamani, da galan na maganin feshi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin waɗannan abubuwa ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Injin ban ruwa ɗaya mutum guda yana iya saɓa shi a kafaɗa, ya sayar a wata kasuwa kafin rana ta take. Wanda aka ɗauke wa shi a watan Disamba, noman ranin shekarar ya wuce shi ke nan. Kayan ɗakinmu sun canza, amma ƙofar tana nan yadda kakanninmu suka bar ta, sai dai kwaɗon da muka ƙara.

Bari mu fara da tunanin ɓarawo. Abu uku yake tsoro: daɗewa, da ƙara, da idon mutane. Ba ya zuwa domin ya gwada ƙarfinsa da kwaɗo. Yakan tsaya ya dubi ƙofar gaba ɗaya, ya nemi wurin da zai saki da sauri ba tare da motsi ba. Ko masu yaƙi ma haka suke yi. A watan Fabrairu na 1903, sa'ad da sojojin Ingila suka zo Kano, igwarsu ba ta yi wa ganuwa wani abin kirki ba saboda kaurinta, sai suka koma kan ƙofa, suka shiga ta Kabuga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Aikinmu shi ne mu riga ɓarawo ganin tsagar.

Tsaga ta fari ita ce maratayin kwaɗo, watau ƙarfen nan biyu, ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin firam, waɗanda ake zura wuyan kwaɗo a ciki. Ku fita ku dubi naku. Da me aka kafa shi? A gida tara cikin goma da muka sani, in ba mu yi ƙari ba, da ƙusa ce 'yar inci ɗaya ko inci ɗaya da rabi. Mutum ya zura ƙarfen cire taya a bayansa, ko ma bakin gatari, ya danna sau ɗaya, ƙusoshin su fito kamar an zare tsinke daga tuwo. Da safe maigida ya tarar da kwaɗonsa a kulle, lafiya lau, yana reto a jikin ƙarfen da aka ɓamɓare. Waɗansu kafintoci sukan sa sukuru maimakon ƙusa, amma su bar kawunansu a waje inda kowa yake gani. Wannan ma bai bukaci ƙarfi ba, bakin wuƙa ya isa a kwance su ɗaya bayan ɗaya, shiru.

Gyaran ba shi da tsada. A nemi ƙusa mai noti, irin mai mulmulallen kai wadda ba ta da tsagar da za a murɗa ta daga waje. A huda ƙyauren har ta ɓulla ciki, a sa mata ɗan faifan ƙarfen nan da makanikai suke kira washa, mai faɗi, sa'an nan a ɗaure noti daga cikin ɗaki. In an ɗaure, a buga bakin ƙusar da guduma har ya baje, don kada notin ya kwance. Wanda ya sami guntun ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya shimfiɗa ta ciki kafin ya ɗaure, ya fi kyau, gama sai an tsaga katakon duka kafin maratayin ya fita. Shi kansa maratayin, na kasuwa mai kaurin gwangwani ba shi da amfani. Maƙerin garinku yana iya ƙera muku wanda ya fi shi daga tsohon sifirin na mota, ku gaya masa ya yi shi yadda in an rufe zai kwanta bisa kan ƙusoshinsa ya ɓoye su.

Tsaga ta biyu ta fi ta fari muni, ita ce kuma ba mu cika dubawa ba. Firam ɗin ƙofa, me yake riƙe da shi a jikin bango? A ginin ƙasa sau da yawa ba kome sai yaɓe. Magini ya tsai da firam, ya cika gefensa da laka, ya shafe. Shekara biyu, uku, damina ta jiƙa, rani ya busar, buɗewa da rufewa sun girgiza shi, sai ka ga 'yar tsaga ta zagaye firam ɗin kamar an zana da allura. Wannan ƙofa in ƙato ya sa kafaɗa, ƙyaure da firam da kwaɗo duka tare za su faɗa cikin ɗaki. Ga yadda za ku gane: ku rufe ƙofa, mutum ɗaya ya tura da ƙarfi daga waje, wani ya tsaya a ciki ya dubi gefen firam. In ƙasa tana zubowa, ko firam yana motsi, ba ku da ƙofa tukuna.

Maganinsa shi ne a ba firam saiwa. A kowane gefe a kafa masa kunnuwa uku na ƙarfe, sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ya shiga cikin bango kamar taƙi ɗaya, a lanƙwasa bakinsa. To, amma ƙarfe a cikin laka ba ya kamawa sosai. Don haka ko da ɗakin na ƙasa ne, ya kamata gefen ƙofa biyu su zama na bulo ko na dutse da siminti, daga tushe har sama, kunnuwan su nutse a cikin simintin. Buhun siminti guda ya isa wannan aiki har da saura. Itacen da aka gitta a kan ƙofa kuma ya zarce faɗin ƙofar da ƙafa ɗaya a kowane gefe, ya zauna daram cikin bango. Wanda yake sabon gini, tun ana aza tubali ake yin wannan, ba bayan an gama ba. Magina da yawa ba sa so, gama yana ɓata musu lokaci. Mai ɗaki ne zai tsaya a kai.

Sai kuma gara, wadda take yi wa ɓarawo rabin aikinsa kyauta. Firam yakan yi kyau a ido, da fenti da kome, alhali cikinsa ya zama gari. A ɗauki ƙusa a soka a gindinsa, wajen da ya taɓa ƙasa. In ta shige da sauƙi, sai sakewa. Kakanninmu da suke gini da azarar giginya da itacen ƙirya sun san abin da suke yi, gama gara ba ta cika cinsu ba. Maɗaci ma yana daɗewa. Farin katako mai araha da ake yin silin da shi bai dace da firam ba ko kaɗan. Kowane irin itace aka samu, kada gindinsa ya zauna a kan ƙasa tsirara, a ɗora shi bisa dutse ko siminti, a shafe wajen da zai shiga bango da baƙin mai.

Ƙyauren kansa fa? Wanda ya fi yawa a ƙauyukanmu shi ne fallen kwano da aka buga a kan siraran katako. Wannan labule ne, yana hana akuya da idon mai wucewa. Ana iya yanka shi da wuƙa mai kauri, ko a zare ƙusoshin gefe ɗaya a naɗe shi kamar tabarma. In a ɗakin girki ne, ba kome. Amma ɗakin kwana da ɗakin ajiya suna bukatar ƙyauren katako mai kaurin inci ɗaya da rabi, da katako uku a gicciye ta ciki, da wani a karkace tsakaninsu. Na karkacen nan ya tashi daga ƙasa wajen hinji ya hau sama wajen kwaɗo. In aka juya shi, ƙyauren zai sunkuya bayan 'yan watanni, ya riƙa jan ƙasa, sakata ta daina shiga raminta. Ƙusoshin su ɓulla ta ciki a tanƙware su. In ana son kwano, a lulluɓe katakon da shi ta waje saboda ruwa da gara, wannan yana da kyau ƙwarai.

Hinji uku ake sa wa ƙyaure mai nauyi, ba biyu ba. In ƙofar tana buɗewa ciki, hinji yana ɓoye, amma ita ce take saurin faɗuwa in an yi mata harbi da ƙafa. In tana buɗewa waje, turawa ba ta yi mata kome, sai dai hinjinta yana fili, mai guduma da ƙusa yana iya fitar da sandan tsakiyarsa ya ɗauke ƙyauren ta baya. Ga wata dabara mai sauƙi. A kafa guntun rodi biyu a kaurin ƙyauren ta gefen hinji, kowanne ya fito kamar inci ɗaya, a huda rami a firam daidai inda za su shiga in an rufe. Ko an cire hinji duka, ƙyauren ba zai fita ba. Kuɗin wannan bai kai na kwanon masara ba.

Yanzu mun iso ga kwaɗon, bayan an gyara abin da zai riƙe shi. Yana da kyau mu san abin da yake cikinsa. A cikin yawancin kwaɗon yau akwai waɗansu 'yan ƙusoshi ƙanana a jere, kowace da tsawonta, suna tokare da abin da yake juyawa. Haƙoran mabuɗi ne suke ɗaga kowace daidai gwargwado, sa'an nan ya juya. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ne ya gyara wannan dabara ta zama yadda muka san ta, tsakanin 1861 da 1865, amma asalinta tsohuwa ce ƙwarai. Masarawan dā sun yi ta da itace, Dogon da Bambara na ƙasar Mali kuma sun daɗe suna sassaƙa irinta a ƙofofin rumbunansu. Abin lura shi ne, in 'yan ƙusoshin nan kaɗan ne, uku ko huɗu, to, irin mabuɗan da za a iya yankawa ma kaɗan ne, sai ka tarar mabuɗin wani yana buɗe kwaɗon wani. Mai biyar ko shida ya fi. Ku ƙirga kwarin da ke bakin mabuɗi, zai nuna muku. Kafin ku biya, ku roƙi mai kanti ya gwada mabuɗinku a kan sauran kwaɗon da ke cikin kwalin. In ya ɓata rai, ku je wani kanti.

Nauyi da walƙiya ba su ne shaida ba. A dubi wuyan kwaɗon. Ya zama gajere, mai kauri, gama dogon wuya wuri ne da aka ba zarto da ƙarfen ɓamɓara. A goga masa magagari kaɗan: ƙarfen da aka gasa ya taurara, magagari yakan zame a kansa, na banza kuwa nan da nan yake cin sa. A buɗe a ga ko ƙafafun wuyan biyu duka suna da tsagar kamawa, gama mai kamawa gefe ɗaya bugun guduma yakan buɗe shi. In ƙurar hunturu ta sa ya fara taurin kai, kada a ɗura masa man gyaɗa ko manja, za su haɗu da ƙura su zama ƙulli. A kankare bakin fensir, a shafa garin a mabuɗi, a zura a fitar sau da yawa.

Duk wannan na lokacin da ba mu gida ne. Da dare, sa'ad da muke ciki, babu abin da ya kai tsohuwar madogara ta kakanninmu: itace mai kauri ko bututun ƙarfe da aka gitta a bayan ƙyaure, bakinsa biyu suna zaune cikin ƙugiyoyin da aka dasa a bango da siminti. Ba ta da mabuɗin da zai ɓata, ba a ganinta daga waje, tana kuma raba nauyin turawa ga bangon duka. Mun yar da ita don muna ganin ta ƙauyanci ce, muka koma ga 'yar sakata mai tsawon yatsa wadda ƙusa huɗu suke riƙe da ita. In sakata za a sa, a sa biyu manya, sama da ƙasa, da ƙusa mai noti. A kuma buga siririn katako ko ƙarfe ya rufe tsagar da ke tsakanin ƙyaure da firam, don kada a zura wuƙa a riƙa tura sakatar kaɗan kaɗan har ta fita.

Masu hali yanzu ƙofar ƙarfe suke sawa, muna kuma ganin amfaninta, musamman a ɗakin ajiya. A lura da kaurin fallen, gama akwai masu walda da suke yin ta da falle marar kauri wanda in ka buga yana amsawa kamar ganga. A sa mai walda ya yi wa kwaɗon ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe shi, sai ta ƙasa hannu yake shiga, kamar yadda masu kanti suke yi a birni. Amma ƙofar ƙarfe a bangon laka, ba tare da ginshiƙin siminti ba, asarar kuɗi ce kawai.

A nan dole mu tsaya mu yi magana da babbar murya. Ƙofar da ta hana ɓarawo shiga tana iya hana mai gida fita. A cikin ɗakunanmu akwai jarkar fetur ta babur da ta inji, akwai maganin sauro mai hayaƙi, akwai kaskon wuta a lokacin sanyi, ga katifar soso wadda in ta kama, baƙin hayaƙinta yakan cika ɗaki kafin mutum ya gama farkawa. Hayaƙi ne yake fara kashewa, ba harshen wuta ba. Wanda ya kulle kansa da kwaɗo ta ciki, ya sa mabuɗi a aljihun rigar da bai tuna inda ya rataye ta ba, a cikin duhu da tari da kukan yara ba zai same shi ba. Maƙwabta kuma su zo da gatari su tarar da ƙofar ƙarfe da tagar da aka yi wa walda da rodi. Saboda haka muna roƙo, kada a sa kwaɗo ta ciki a ɗakin da mutane suke kwana. Madogara da sakata sun isa, ko yaro ɗan shekara bakwai ya iya zare su a cikin duhu, a kuma koya masa. In an sa wa tagogi rodi, a bar guda ɗaya a kowane ɗakin kwana wadda rodinta yake kan hinji, ana buɗe ta daga ciki. Fetur kuwa ba a ɗakin kwana yake kwana ba.

Haka nan al'adar kulle yara ƙanana a ɗaki da kwaɗo ta waje don uwa ta tafi rafi ko gona. Mun san dalili, ba mugunta ba ce, rashin mai reno ne. Duk da haka a daina. Gara a kai su gidan maƙwabta ko wurin wata tsohuwa a unguwa.

Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye ba. Duk abin da muka faɗa, a kan ɓarawon sanɗa ne, mai zuwa shi kaɗai ko su biyu, yana gudun a gan shi. 'Yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja da Filato wani abu ne dabam. Babu ƙyauren da zai tsai da mutum ashirin masu bindiga. Abin da ƙofa mai ƙarfi take bayarwa a ranar nan shi ne 'yan mintoci, amfanin mintocin kuwa shi ne iyali su fita ta baya. Don haka gidan da yake a irin waɗannan wurare ya zama yana da mafita ta biyu wadda ba a gani daga hanya, kowa a gidan ya san ta, ya kuma san inda za a haɗu. In an riga an rutsa mutum, kada ya yi gardama a kan babur ko buhu.

Mu koma kan ɓarawon gida, gama da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa wanda ya shiga bai fasa kome ba, da mabuɗi ya buɗe. Ina muke ajiye mabuɗi in za mu fita? Ƙarƙashin dutsen bakin ƙofa, ko bisa kan ƙofa, ko gindin randa. Waɗannan wurare uku kowane yaro a garin ya san su. Muna ba almajirin kafinta mabuɗi ya wuni da shi, muna aiken yaro da shi kasuwa inda mai yankan mabuɗi yake zaune. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mabuɗi ya zauna a jikin mai shi, a ɗaure da igiya. In ɗaya ya ɓata, a sake kwaɗon a ranar, kada a ce bari mu gani ko zai fito. Bakinmu ma ƙofa ne: wanda ya zauna a wurin mai shayi yana faɗin buhu nawa ya samu da ranar da dillali zai kawo kuɗi, ya riga ya zare sakata.

Ba kullum da dare ake sata ba. Ranar Lahadi da safe unguwa takan zama wayam, kowa yana wurin sujada, haka ranar kasuwa, da ranar biki ko jana'iza, da makon Kirsimeti. Ɓarawo yana da kalanda shi ma. Ƙofa mai ƙarfi za ta sa shi ya daɗe, ya yi ƙara, amma in babu kunnen da zai ji ƙarar, zai gama aikinsa a tsanake. Shi ya sa muke ganin ya kamata kowace unguwa ta riƙa barin mutum biyu a gida a irin waɗannan ranaku, bi da bi, suna zagayawa. Ba abin kunya ba ne mutum ya rasa sujada sau ɗaya a wata biyu don yana tsaron gidajen 'yan'uwansa. Inda muke zaune tare da maƙwabta Musulmi abin ya fi sauƙi, su duba mana ranar Lahadi, mu duba musu ranar Juma'a da ranar Idi. Kare, da zabi masu kwakwazo, da usur a rataye kusa da gado, da fitilar sola a kan ƙofa, duka suna taimakon kunne da ido.

In an kama ɓarawo, a kai shi ga mai unguwa da 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Dukan taron jama'a ya sha hallaka wanda bai ji ba bai gani ba, wanda ya kashe kuwa, ko ɓarawo ya kashe, zai amsa a gaban shari'a. Masu haɗa wayar lantarki a jikin ƙofa ko taga su ma su bari. Wayar ba ta san ɓarawo ba, ɗan gida mai fita fitsari da dare shi ne ya fi kusa da ita.

Ɗakin ajiyar ƙungiya yana da tasa matsala, gama abin da ke ciki na mutum talatin ne ko hamsin, takin da aka karɓo bashi da hatsin da aka tara. In aka yi sata a nan, ba kaya kaɗai ake rasawa ba. Zargi yakan shiga, a fara kallon ma'aji, ƙungiyar da aka yi shekara goma ana ginawa ta watse a wata guda. Shawararmu ita ce maratayi biyu, kwaɗo biyu iri dabam dabam, mabuɗin ɗaya a hannun ma'aji, na ɗayan a hannun wani da taro ya zaɓa, ba dangin ma'aji ba. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai. A ajiye littafi a ciki, duk buhun da ya shiga ko ya fita a rubuta, su biyun su sa hannu. In an sake shugabanni, a sake kwaɗo. Wannan ba rashin amincewa ba ne, kāriya ce ga mai gaskiya, don ranar da abu ya ɓata ya sami abin da zai wanke shi. A duba rufin ɗakin kuma, da bayan bangon, gama wanda ƙofa ta gagara yakan ɗaga kwano ko ya haƙa gini. Kuɗin ƙungiya kuwa kada su kwana a ɗakin kowa. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988 don inshorar ajiyar banki a Nijeriya, a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan jama'a masu lasisi. Akwatin ƙarƙashin gado ba shi da mai biya.

Wani zai ce, duk wannan kuɗi ne, mu kuwa ba mu da shi. Mu yi lissafi. Ƙusa mai noti guda takwas, guntun rodi, hinji ɗaya, buhun siminti, da ladan kafinta na yini guda, a haɗa su duka a gwada da kuɗin injin ban ruwa ɗaya, ko buhun taki biyu. Wani kuma zai ce ƙofa mai kyau ita take kiran ɓarawo, tana gaya masa akwai kaya a ciki. Akwai 'yar gaskiya a nan, shi ya sa muka fi son gyaran da ba a gani daga waje: noti ta ciki, rodi a kaurin ƙyaure, kunnuwa a cikin bango, madogara. Ƙofar tana iya zama da tsohon fentinta. Masu cewa tsaro na Allah ne, ba mu musa ba, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar akuyarsa a sake cikin damina saboda wannan dalili ba.

Abin da muke so ƙungiyoyi su yi a taronsu na wannan wata shi ne su zaɓi mutum uku, ɗaya ya zama kafinta ko magini, su bi gidajen 'yan ƙungiya ɗaya ɗaya da ƙusa a hannu, su soki gindin firam, su tura ƙyaure, su dubi maratayi da hinji, su rubuta abin da kowace ƙofa take bukata. Sa'an nan a sayo kayan a dunƙule daga birni, gama kwalin ƙusa mai noti ya fi araha nesa da sayen ɗai ɗai, a yi jinga da maƙeri ɗaya da kafinta ɗaya. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi da matan da mazansu suka tafi cin rani, ko da ƙungiya ce za ta biya a cire daga rabonsu daga baya, gama ƙofofinsu ne ɓarawo yake fara gwadawa. In ruwan fari ya sauka katako ya kumbura, mutum ukun nan su sāke zagayawa, su ga sakatar da ta daina shiga raminta, a fiƙe ƙyauren tun ba a fara barinsa a buɗe ba.